Jirgin da ya ɗauki shugabannin Amurka takwas, yau yara ke shiga cikinsa kyauta

Duk mai kallon labaran duniya a talabijin ya san wannan hoto: ƙaton jirgi mai launin shuɗi da fari ya sauka, an shimfiɗa jar darduma, sojoji sun ƙame, sai ƙofa ta buɗe shugaban Amurka ya fito yana ɗaga hannu. Ba mai kusantar wannan jirgi sai wanda aka tantance. To amma jirgi ma yana tsufa kamar yadda mutum ke tsufa, kuma idan ya tsufa akan yi masa ritaya. Ina ake kai shi bayan nan?

Amsar tana kusa da birnin Dayton na jihar Ohio a Amurka, inda Gidan Tarihin Rundunar Sojan Saman ƙasar yake, a gefen sansanin soja na Wright-Patterson. A can ne aka ajiye jirgi mai lamba 26000, wanda ya yi shekara 36 yana aiki, daga 1962 zuwa 1998, ya kuma ɗauki shugabannin ƙasa takwas: Kennedy da Johnson da Nixon da Ford da Carter da Reagan da Bush babba da Clinton. Na samu damar ziyartar wurin tare da wasu abokan karatuna a lokacin hutun jami'a, na kuma ga ya dace in ba ƙannena na sakandare labarin abin da ke ciki. Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Ana duba jakarka, ka wuce.

Garin masu gyaran keke

Akwai dalilin da ya sa aka kafa gidan tarihin a wannan gari. Dayton ne garin 'yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda sana'arsu ita ce ƙera kekuna da gyaransu. A shagonsu na keke suka haɗa jirgin da suka tayar ranar 17 ga Disamba, 1903, a gaɓar teku a jihar North Carolina. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi a sama, ya ci tazarar da ba ta wuce mita 37 ba. Tsawon jirgin shugaban ƙasar da za mu shiga ya kusa mita 47. Ke nan da a cikinsa Orville ya tashi, daga wutsiya ya nufi hanci, da ya sauka bai kai wurin matuƙi ba. Tsakanin jiragen biyu shekara 59 ce kacal, bai ma kai tsawon rayuwar dattijo ɗaya ba.

Gidan tarihin yana da manyan gine-gine huɗu masu kama da rumbun ajiye jirage, kuma akwai jirage da makamai masu linzami sama da 350 a cikinsu. Sai ka ratsa ukun farko, ka wuce jiragen yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da na yaƙin Koriya da Biyetnam, kafin ka isa gini na huɗu, wanda aka buɗe a 2016. A nan ne sashen jiragen shugabannin ƙasa yake. Tafiyar tana da ɗan nisa, wanda bai sa takalmi mai daɗi ba zai ji a ƙafarsa.

Sunan da ke bin kujera

Yawancinmu mun san jirgin shugaban Amurka da sunan Air Force One, wato Jirgin Sojan Sama Na Ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babu wani jirgi da aka raɗa wa wannan suna. Kira ne na rediyo da matuƙi ke amfani da shi idan yana magana da masu kula da zirga-zirgar jirage, kuma kowane jirgin sojan sama da shugaban ƙasa ya shiga, babba ko ƙarami, shi ke amsa wannan kira muddin shugaban yana ciki. Da zarar ya sauka, jirgin ya koma amsa lambarsa. An soma wannan tsari ne a zamanin Shugaba Eisenhower, a shekarun 1950, don kada a rikita jirgin shugaban ƙasa da wani jirgin fasinja mai lamba irin tasa.

Wani abu da ya faru ranar 9 ga Agusta, 1974, ya fito da ma'anar wannan fili. A ranar ce Shugaba Richard Nixon ya sauka daga mulki saboda badaƙalar Watergate. Ya bar Washington da safe a cikin ƙanen wannan jirgi, mai lamba 27000, yana shugaban ƙasa, jirgin yana amsa Air Force One. Suna sararin samaniyar jihar Missouri da tsakar rana aka rantsar da Gerald Ford a fadar gwamnati. Nan take matuƙin ya kira masu kula da jirage ya nemi a sauya masa kira zuwa lambarsa ta yau da kullum. Jirgin bai sauya ba, mutumin da ke zaune a ciki bai motsa daga kujerarsa ba, amma sunan ya riga ya koma wurin wani. Hausawa sun ce mulki rigar aro ce, ga shi an tuɓe ta a tsakiyar gajimare.

Kakanni uku

Kafin ka isa jirgi mai lamba 26000 za ka tarar da magabatansa uku, dukansu masu farfela, kuma duka ana shiga cikinsu.

Na farko shi ne wanda 'yan jarida suka yi wa laƙabi da Sacred Cow, wato Saniya Mai Alfarma. An ƙera shi ne domin Shugaba Franklin Roosevelt. Roosevelt shi ne shugaban Amurka na farko da ya hau jirgin sama yana kan mulki, lokacin da ya je taron Kasablanka a Maroko a Janairun 1943, kuma ta Afirka ta Yamma ya bi, ya yada zango a garin da yanzu ake kira Banjul na Gambiya. Ciwon shan inna ya kama shi tun 1921, a keken guragu yake zirga-zirga, don haka aka yi wa sabon jirgin wata 'yar na'urar ɗaga mutum a ƙarƙashinsa, wadda ke ɗauke shi da kekensa zuwa ciki. Tana nan har yau, ana ganinta. Tafiya ɗaya tak ya yi a jirgin, zuwa taron Yalta a Fabrairun 1945, ya rasu bayan wata biyu. A cikin wannan jirgi ne kuma magajinsa, Harry Truman, ya sa hannu a dokar da ta kafa rundunar sojan sama mai zaman kanta, ranar 26 ga Yuli, 1947.

Na biyu shi ne Independence, wanda Truman ya sa wa sunan garinsu. An yi masa fenti kamar gaggafa, hancinsa bakin tsuntsu, wutsiyarsa gashin jela. Na uku shi ne Columbine III na Eisenhower, mai wutsiya uku, wanda aka sa wa sunan wata fure ta jihar Colorado inda matarsa ta tashi. Idan ka ratsa waɗannan uku za ka lura cewa Truman da Eisenhower kowannensu ya sa wa jirginsa sunan da ya shafe shi, garinsu ko na iyalinsa, kamar dai dokinsa.

Shuɗi da fari

John Kennedy ya bi wata hanya daban. Lokacin da kamfanin Boeing ke shirya sabon jirgi ƙirar 707 domin shugaban ƙasa, an nemi wani gwanin zane ɗan asalin Faransa, Raymond Loewy, ya tsara masa kama. Shi ne ya fito da launin shuɗi da fari da azurfa, aka sa tutar ƙasar a wutsiya, tambarin shugaban ƙasa kusa da ƙofa, sannan aka rubuta cikakken sunan ƙasar da manyan baƙaƙe a gefen jirgin, maimakon sunan rundunar soja. Manufar ita ce duk inda jirgin ya sauka a ga ƙasa ce ta zo. Wannan zane ya karɓu ƙwarai, shi ya sa manyan jiragen 747 da suka karɓi aikin tun 1990 suka gaje shi.

Jirgin ya fara aiki a Oktoban 1962. Injinansa huɗu ne, faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 44, yana iya gudun kusan kilomita 960 a awa ɗaya, yana kuma iya cin kimanin kilomita 9,600 bai sha mai ba. A Mayun 1963 ya tashi daga Washington ya sauka Mosko cikin ƙasa da awa tara, abin da ya kafa tarihin sauri a lokacin. A Yunin shekarar ya kai Kennedy birnin Balin na Jamus, wanda katanga ta raba gida biyu, inda ya yi jawabin da har yau ake karantawa a darasin tarihi.

Idan ka tsaya a ƙarƙashin fiffikensa sai ka ji ka zama ɗan ƙarami. Fentinsa yana sheƙi kamar jiya aka shafa. Tayoyinsa sun kai ƙugun babban mutum. Amma da ka hau matattakala ka sa kai ciki, sai labari ya sha bamban.

Cikin jirgin

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne ƙunci. An sa bangon roba mai kama da gilashi dama da hagu don kada baƙi su taɓa kayan, saboda haka hanyar da ta rage a wasu wurare faɗinta bai wuce santimita 43 ba. Mai jiki sai ya karkace. Mutum ɗaya ke bin bayan ɗaya, ba wucewa, ba juyawa. Wanda ke jin tsoron matsattsen wuri gara ya tsaya daga waje.

Daga gaba akwai ɗakin matuƙa, cike da agogai masu allura da maɓallai birjik, babu allon kwamfuta irin na jiragen yanzu. Bayan matuƙi da mataimakinsa akwai wurin injiniya da wurin mai duba hanya. Sai ɗakin sadarwa, inda na'urori suka cika bango guda. Wannan ɗaki shi ne ya bambanta jirgin da na fasinja, domin ta nan shugaban ke iya magana da fadarsa ko da hafsoshin sojansa daga ko'ina a duniya. Ku tuna zamanin yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowace na riƙe da makaman nukiliya, kuma shugaban da aka kasa samu ta waya na minti goma zai iya zama bala'i ga duniya baki ɗaya.

Kana ci gaba za ka ga ɗakin girki, da ɗakin shugaban ƙasa mai tebur da kujeru da wayar tarho mai igiya, da wurin taro, da wurin ma'aikata, sannan kujerun jami'an tsaro da 'yan jarida daga baya. Wanda ya zo yana tsammanin ganin zinariya da lu'ulu'u zai koma da mamaki. Kayan masu kyau ne, amma na aiki ne. Ofis ne aka yi wa fikafikai. Wayar salular da ke aljihun yayanku ta fi yawancin na'urorin wannan jirgi ƙarfin lissafi, duk da haka da su aka tafiyar da ƙasa mafi ƙarfi a duniya.

Awa biyu da minti takwas

Abin da ke kawo yawancin baƙi wannan jirgi shi ne abin da ya faru a cikinsa ranar Juma'a, 22 ga Nuwamba, 1963.

Da hantsin ranar jirgin ya sauke Shugaba Kennedy da matarsa Jacqueline a filin jirgi na Love Field da ke Dallas, jihar Texas. Suka shiga buɗaɗɗiyar mota suna gaisa da jama'a. Da ƙarfe 12:30 na rana aka harbe shi. Da ƙarfe 1:00 likitocin asibitin Parkland suka tabbatar ya cika. Shekarunsa 46.

A wannan sa'a ba wanda ya san ko mutum ɗaya ne ya yi harbin ko kuwa wata babbar maƙarƙashiya ce, ko ma farkon hari daga wata ƙasa. Wata 13 kacal da suka wuce Amurka da Sobiyet sun kusa gwabza yaƙin nukiliya a kan makaman da aka girke a Kuba. Ministoci shida, har da na harkokin waje, suna cikin wani jirgi a saman tekun Pasifik za su Japan. Jami'an tsaro suka ɗauke Mataimakin Shugaban Ƙasa Lyndon Johnson cikin gaggawa suka kai shi wannan jirgi, aka rufe labulen tagogi, domin a duk Dallas nan ne wurin da ya fi tsaro, kuma nan ne ke da hanyar sadarwa da Washington.

An so a tashi nan take. Johnson ya ce ba zai tafi ya bar matar mamacin ba, ita kuma ta ce ba za ta tafi ta bar gawar mijinta ba. Ma'aikatan jirgin, ƙarƙashin matuƙinsa Kanar James Swindal, suka ƙi yarda a sa gawar shugabansu a wurin kaya. Sai suka cire wasu kujeru daga baya, suka yanke wani sashe na bangon ciki da zarto don akwatin gawar ya samu hanya. Idan ka isa bayan jirgin a yau, ana nuna maka wurin da aka yi wannan yanka.

Johnson ya yanke shawarar yin rantsuwar kama aiki kafin a tashi. Aka kira wata alƙaliyar kotun tarayya da ke Dallas, Sarah Hughes, ta tuƙo motarta ta zo. Babu wanda ke riƙe da kalmomin rantsuwar, sai da aka buga waya Washington wani babban jami'in ma'aikatar shari'a ya karanto su daga kundin tsarin mulki, sakatariya tana bugawa a takarda. Kalmomi 35 ne a Turance. Ba a samu Baibul ba, sai wani littafin addu'o'in ɗarikar Katolika da aka gani a ɗakin Kennedy, a kansa Johnson ya ɗora hannu. Mutum 27 suka cunkushe a ɗan ƙaramin ɗaki mai zafi. Jacqueline ta tsaya a hagunsa, ba ta sauya kayan da jinin mijinta ya ɓata ba. Mai ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa, Cecil Stoughton, ya hau kan kujera ya ɗauki hoton da duniya ta sani. Ƙarfe 2:38 ne na rana. Bayan minti tara jirgin ya tashi, da sabon shugaba a tsakiya, gawar tsohon a baya.

Daga harbi zuwa rantsuwa awa biyu ne da minti takwas. Har yau wannan ne karo ɗaya da aka rantsar da shugaban Amurka a cikin jirgin sama, kuma karo ɗaya da mace ta rantsar da shi.

An sha sauya tsarin cikin jirgin bayan wannan rana, musamman a zamanin Nixon, don haka ɗakin ba ya nan yadda yake a hoto. Duk da haka, da layin baƙi ya iso wannan yanki sai ka ji surutu ya ragu. Wani dattijo da ke gabana ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba, kuma ba wanda ya ce masa ya matsa.

Me ya sa aka damu da yin rantsuwa da ɗaukar hoto a irin wannan hali? Bisa tsarin mulkinsu, mulki ya riga ya koma hannun Johnson tun lokacin da Kennedy ya cika. Amma jama'a na cikin firgici, abokan gaba na kallo. Hoton ya gaya wa kowa cewa an kashe shugaba amma gwamnati tana nan, kuma an san wanda ke riƙe da ita. Ba a yi taron dare ba, ba a jira a ga wanda ya fi yawan bindiga ba. Tun 1787 aka rubuta wanda zai gaji kujerar idan haka ta faru, kuma da ranar ta zo kowa ya bi abin da aka rubuta, daga janar har sakatariya.

Lamarin ya kuma tona wani giɓi. Da Johnson ya hau, kujerar mataimaki ta zauna babu kowa har wata 14, domin babu dokar cike ta. Shi ya sa aka yi wa tsarin mulkin gyara na 25, wanda ya fara aiki a Fabrairun 1967. Ta wannan gyara ne Gerald Ford ya zama mataimaki a 1973, kafin ya gaji Nixon a shekarar da ta biyo.

Ranar jana'iza, 25 ga Nuwamba, Kanar Swindal ya tuƙo jirgin ƙasa-ƙasa ta saman maƙabartar Arlington, ya karkata fiffike, alamar ban kwana.

Sauran tafiye-tafiye

Jirgin ya ci gaba da aiki har shekara 35 bayan Dallas. Ya kai Johnson Biyetnam a 1966 da 1967 don ganin sojojinsa a fagen fama. Daga 1970 mai ba Nixon shawara kan tsaro, Henry Kissinger, ya riƙa amfani da shi a asirce zuwa Turai don tattaunawa da wakilan Biyetnam ta Arewa a Faransa. Ranar 21 ga Fabrairu, 1972, ya sauke Nixon a Bejin, karo na farko da shugaban Amurka mai ci ya taka Jamhuriyar Jama'ar Sin, bayan fiye da shekara 20 ƙasashen biyu ba sa ga maciji. A ƙasan matattakalarsa Nixon ya miƙa wa Firaminista Zhou Enlai hannu. A ƙarshen shekarar ne jirgi mai lamba 27000 ya karɓi matsayin babban jirgi, wannan kuma ya koma na ko-ta-kwana.

A Janairun 1973 Johnson ya rasu, jirgin da aka rantsar da shi a ciki shi ya mayar da gawarsa gida Texas bayan an yi masa addu'o'i a Washington. A Oktoban 1981, da aka kashe Shugaba Anwar Sadat na Masar, shi ya ɗauki tsofaffin shugabanni uku a tafiya ɗaya, Nixon da Ford da Carter, zuwa jana'iza a Alƙahira. A 1983 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta hau shi lokacin ziyararta a Amurka. A Mayun 1998 ya yi tashinsa na ƙarshe zuwa Dayton, bayan ya shafe fiye da awa 13,000 a sama.

A kalla da ido biyu

Akwai abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe duk gidan tarihin da ya shiga: wanda ya gina gidan shi ya zaɓi abin da za a nuna da yadda za a faɗe shi. Wannan gida na sojan Amurka ne, kuma labarin da ke jikin allunansa daga ɓangarensu yake. A ɗaya daga cikin gine-ginen da ka ratsa kafin ka iso nan akwai jirgin da ake kira Bockscar, wanda ya jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki ta Japan ranar 9 ga Agusta, 1945, dubun dubatan mutane suka hallaka. Shi ma jirgin shugaban ƙasa, a cikinsa an tattauna zaman lafiya, a cikinsa kuma an tattauna yaƙin Biyetnam, wanda ya ci rayukan miliyoyin mutane, mafi yawansu 'yan yankin. Kyan fenti ba ya wanke wannan. Mai hankali yakan karanta allo, sannan ya tambayi kansa: da mutumin Biyetnam ko na Japan ne ya rubuta shi, me zai ƙara?

Amma abu ɗaya da ba za a hana su ba shi ne sun iya ajiya. Jirgin da ya gama aiki ana iya yanka shi a sayar da ƙarfen a kilo. Su sai suka adana shi, suka ɗauki masu kula da shi, suka buɗe ƙofa kyauta. Ranar da muka je, yara 'yan firamare suna ta shiga layi-layi tare da malamansu. Yaron da ya ratsa wannan matsattsiyar hanya ya ga inda aka yanke bango, ba zai sake ɗaukar darasin tsarin mulki a matsayin haddar jarrabawa kawai ba. Gani ya kori ji.

Namu na gida

Ba sai an je Ohio za a ga irin wannan ba. A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar mota ƙirar Marsandi wadda Janar Murtala Ramat Muhammed ke ciki lokacin da aka harbe shi ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta. Ramukan harsasai suna nan a jikinta. Shekarunsa 37, kuma bai cika wata bakwai a kan mulki ba. Kullum muna ganin fuskarsa a jikin naira ashirin, amma mu nawa ne muka san motar tana nan? Ita ma, kamar jirgin Dallas, tana ɗauke da tambayar da kowace ƙasa ke fuskanta: idan shugaba ya faɗi ba zato, wa zai gaje shi, kuma da wace doka? Ku buɗe littafinku na darasin gwamnati ku duba abin da tsarin mulkin 1999 ya tanada a kan haka, ku kuma tambayi malaminku yadda aka yi a 2010 lokacin rashin lafiya da rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Kusa da gida kuma akwai Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, da kabarin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da gidan tarihi na Jos, da na Boubou Hama a Yamai. Kuɗin shiga irin waɗannan wurare ba ya da yawa, musamman ga ɗalibai da suka zo a ƙungiyance. Idan makarantarku tana da ƙungiyar tarihi ko ta 'yan jarida, ku rubuta wa shugaban makaranta takarda ku nemi a shirya muku ziyara a wannan zango. Kafin ku tafi ku karanta labarin wurin, ku tafi da littafi da biro, kowa ya zaɓi abu ɗaya tak ya tsaya a kansa: wa ya yi amfani da shi, a wace shekara, me ya faru a ranar, wa ya yanke shawarar ajiye shi? Idan kun dawo ku rubuta abin da kuka gano, ku aiko wa wannan shafi.